Izinin Zuwa Sabuwa

Duk wanda ya ƙirƙiro dogon hutun 'yan makaranta, to bai taɓa zama da yara uku a ɗaki ɗaya cikin damina ba. Abin da Safara'u ke faɗi ke nan tun ranar da firamaren 'Yargoje ta sallami ɗalibanta, malamai suka ɗaure akwatunansu a bayan babura suka yi Funtuwa da Katsina, suka bar iyaye mata da aiki. Wata biyu cur! Harisu, ɗan farinta, ya gama aji biyar, ya dawo da ilimin da ya fi ƙarfin kansa, ba ka isa ka ce rana ta faɗi ba sai ya gyara maka, wai ƙasa ce ke juyawa. Bilki mai bi masa tana aji huɗu, ita kuwa ba a faɗa mata ɗaya ba ta mayar da uku ba. Sai auta Almu, wanda aka kwasa a shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro sai ya yi boko kyauta. Shi abin da ya tsinto a shekara biyu bai wuce fareti ba.

Da safe ta dama koko, kafin ta gama wanke kwanoni sun fara kukan yunwa. In ruwa ya sauko su cika ɗaki, su mai da gadon ƙarfenta wurin tsalle. In ya ɗauke su fita, su dawo mata da taɓon garin duka a ƙafafunsu. Almu ya kwance akuya don ta yi masa fareti, ta cinye kuɓewar da aka shanya. Bilki ta ƙarar da kwallin uwarta a fuskar 'yartsana. Harisu ya zare batiran rediyo, wai zai yi gwajin kimiyya, rediyo bai sake magana ba. Safara'u na son 'ya'yanta, kowa ya shaida, amma akwai yinin da take leƙa rumbu ta daɗe da kanta a ciki, ba don tana neman komai ba.

Su dai suna da ƙofa, in gida ya ishe su su fice. Ita ce ba ta da ita.

Mijinta Barau manomi ne a da, dawa da auduga. Da kuɗin fetur suka zo, aka shiga shimfiɗa kwalta ko'ina, ya jingine fartanya ya koyi tuƙin tifa, wani kamfanin titi ya ɗauke shi can kudu da Kaduna. Sau biyu yake zuwa gida a shekara. Mutum ne mai sakin hannu, bai taɓa barin gidansa da yunwa ba, sai dai harshensa ya riga hankalinsa tashi daga barci. Sau biyu yana sakin Safara'u a kan abin da bai kai ya kawo ba, sau biyu yana zuwa biko yana sunkuyar da kai. Igiya ɗaya ta rage tsakaninsu. A zuwansa na ƙarshe ya tarar ta tafi suna Sabuwa, garin iyayenta, kwana uku aka ce, ta yi goma sha ɗaya. Ranar da zai koma aiki ya tsaya a zaure, gaban wansa Malam Giɗe, ya ce, "In kika sake taka ƙohwar zauren ga ba da izinina ba, a bakin aurenki." Ya hau mota ya tafi, ta tabbata kafin ya kai Faskari ya manta ya faɗi. Amma magana ta riga ta fita, kuma da shaida.

Sati biyu da fara hutu, ranar kasuwar Ƙanƙara, ƙanenta Mani ya yi sallama. Bai ko taɓa furar da ta kawo masa ba.

"Yaya, jikin Inna hwa ya ƙi," ya ce. "Ƙahwahun sun kumbura, sai an ɗaga ta. Ta ce a hwaɗa miki, in da hali ki taho ta gan ki."

Inna Hajaratu, mahaifiyarsu, ba mai kira ba ce. Ko haihuwar Almu da Safara'u ta sha wuya, sai da aka matsa mata ta zo. In har ta ce a kira, to ta ji wani abu a jikinta. Safara'u ta miƙe ta jawo gyale, sai da ta yafa shi sannan ta tuna. Ta koma ta zauna a kan turmi, ta gaya wa Mani yadda ake ciki.

"To a rubuta mashi mana," in ji Mani. "Ba ga 'yan boko cike da gida ba?"

Karo na farko ke nan da hutun ya yi mata rana. Harisu ya yago takarda daga tsakiyar littafinsa, ya gyara zama, ya ɓata rabin shafi a kan gaisuwa irin wadda aka koya masu. Uwar na faɗi yana rubutawa, Bilki na leƙe ta kafaɗarsa tana kama masa kure. Aka ba wani direban babbar mota da ke bin hanyar. Mani ya koma da saƙon cewa tana nan tafe, izini kawai take jira.

Ana cikin jira aka ga watan azumi. Yanzu ga ƙishirwa, ga surfe da daka, ga yara masu azumin ganin dama. Almu ya ɗauka da asuba ya sauke da hantsi, ya sake ɗauka bayan ya cinye ɗumame. Bilki da Harisu kuwa yunwa ta mai da su zakaru, ko inuwa ɗaya ba sa iya rabawa. Safara'u ta riƙa raba faɗa da baki, kunnenta na kan titi. Kowace mota ta tsaya sai ta tura Almu ya leƙo.

Rana ta goma sha biyu da tura takarda amsa ta iso, cikin ambulan mai ruwan ƙasa. Barau bai yi boko ba, akawun kamfani ya faɗa wa, shi kuma ya buga masa da tafireta. Yaran ba su taɓa samun wasiƙar tafireta ba, har shinshinarta Almu ya yi. Harisu ya tsaya tsakar gida ya gyara murya irin ta mai karanta labarai. Baba yana gaida kowa. Yana lafiya. Zai zo da salla in Allah ya yarda. A gaida Inna da jiki. Sai yaron ya rage murya.

"Izinin zuwa Sabuwa kuwa, na ƙi ne."

Safara'u na riƙe da taɓarya. Ta jingine ta a hankali don kada ta faɗi. Ba ta yi mamaki sosai ba.

"Mu gani," Bilki ta fizge takardar. Ta bi layin da yatsa, leɓenta na motsi. "Kai! Ƙarya kake! Ba haka aka rubuta ba. Inna, cewa ya yi izinin zuwa Sabuwa kuwa, naki ne. Naki ne! Ya ba ki!"

"Ke ɗiyar nan, ki ji tsoron Allah, azumi ake."

"Wallahi Inna! Ga shi nan, ka ce ba ƙa ba. Ƙa tana da lanƙwasa a kai. Wagga ba ta da komi."

Harisu ya yi dariyar manya. Ya ɗauko ambulan ya nuna wa ƙanwarsa adireshin. Ƙanƙara, garin da kowa ya san da lanƙwasa biyu ake rubuta shi, an buga shi tsirara, Kankara. Ya nuna mata inda Baba ya ce yana lafiya ƙalau, an buga kalau. Injin Turawa ne, ya ce, ba shi da haruffanmu, duk inda ƙa take ka yake sawa. Kuma ga na daban, ga ki daban, da fili a tsakani. In da naki ne, ai a haɗe za su zo.

"To gidanmu hwa?" Bilki ta dangwara yatsa. "Duba nan, gidan daban, mu daban. Shi akawun haka yake raba komi. Kuma in Baba ya ƙi, mi zai sa shi ce a gaida Inna da jiki?"

"Don ya ƙi sai shi ƙi gaisuwa? Ke ba ki san Baba ba? Ran da na ce shi saya mani keke, mi ya ce? Na ƙi ne, in ji shi. Haka yake hwaɗi."

Suka kaure. Almu ya shiga tsakani yana goyon bayan duk wanda ya fi ɗaga murya. Safara'u ta dubi wannan ta dubi wancan. Ta haife su, ta yaye su, ta sayar da tunkiya ta ɗinka masu kayan makaranta, yau ga takarda layi shida sun kasa gaya mata ko ta tafi ko ta zauna. Ta daka masu tsawar da ta sa kaji suka watse.

Da la'asar ta aika aka kira Malam Giɗe. Ya tsaya daga bakin zaure ya saurari karatun biyu, ya shafa gemu. Shi allo ya yi, bai san boko ba. Hedimasta, wanda ya kamata ya raba gardamar, yana can garinsu yana hutu. Washegari Malam Giɗe ya hau keke ya kai takardar Ƙanƙara wurin malamin asibiti. Mutumin ya sa tabarau, ya karanta, ya cire tabarau, ya ce duk biyun tana karantuwa. Aka je wa liman. Liman ya ce magana ta mai ita ce, abin da ke zuciyar Barau shi ne hukunci, kuma ba ma wansa ba, ko uban Barau ne ya tashi daga kabari ba zai kwance abin da Barau ya ƙulla ba. In ta fita ya zamana ƙi ya yi, aure ya ƙare, ƙarewar da babu biko.

"Yaya, kai ka san ƙanenka," Safara'u ta ce daga bayan zana. "Wanne ka ga zai hwaɗi?"

"Ni kuwa na san shi," in ji Malam Giɗe. "Shi ya sa ba ni cewa komi. Ki yi haƙuri a sake rubutawa."

Aka sake rubutawa. Wannan karon Bilki ta karɓi alƙalami, uwar ta ce a rubuta masa ya amsa da i ko a'a, kada ya ƙara ko harafi. Direban ya dawo bayan mako ya ce kamfanin ya tashi daga inda yake, sun yi gaba da aikin, ya dai bar takardar wurin mai shayi.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi tsawo da Safara'u ta taɓa gani. Ruwa ya tsinke kwana uku a jere, katangar bayan gida ta zube, ɗaki ya yi warin danshi da fitsarin akuya. Yara ba wurin zuwa. Ta sa Bilki ta zana mata haruffan biyu da gawayi a jikin bango, mai lanƙwasa da maras ita. Matar da ba ta taɓa riƙe fensir ba, ta wayi gari ta san harafi biyu a duniya. In rana ta leƙo sai ta fito da takardar daga ƙarƙashin fanteka, ta nemo wurin, ta karkata ta ga haske, ta murza da ɗan yatsa ko wata 'yar lanƙwasa ta ɓuya. Har wurin ya yi baƙi ya fara hujewa.

Abin da ya fi cin ta shi ne ta san Barau biyu. Akwai wanda ya taɓa ɗauko Inna a kan kekensa tun daga tasha, yana tura ta a ƙasa don kada ta gaji. Wannan zai ce naki ne, har ya haɗa da kuɗin mota. Akwai kuma mai jan ido na bakin zaure. Da safe sai ta gaskata Bilki, ta fara ninke zannuwa. Kafin azahar ta gaskata Harisu, ta mayar da su. Yaran suka gane, kowanne ya riƙa zuwa shi kaɗai yana kawo sabuwar hujja, kamar masu neman ƙuri'a. Rannan Almu ya zubar da gishiri ɗan kaɗan, ta kama shi ta yi masa dukan da bai taɓa sha ba. Da ya yi shiru ta jawo shi jikinta, ita ta ci gaba da kukan.

Ranar ashirin ga azumi saƙo ya sake zuwa daga Sabuwa, ta bakin wata mai sayar da daddawa. Inna ta daina cin abinci. In an ɗaga labule sai ta juyo ta ce, "Sahwara'u ce?"

Safara'u ba ta yi shawara da kowa ba. Ta sauke tukunyar da ke kan wuta, ta ɗaure kaya a ɗankwali, ta yafa gyale, ta sa takalmi. Ta ratsa tsakar gida ta shiga zaure. Rabonta da wurin wata takwas. Daga nan tana hango titi, ga wata motar Faskari ana lodi, yaron mota na kiran saura mutum biyu. Taku ashirin ne, bai fi ba.

Yaran suka biyo ta suka tsaya a bayanta. Bilki na raɗa, "Tahi, Inna, wallahi naki ne." Harisu kuwa idonsa ya kawo ruwa. Shi ba mugunta yake yi ba, abin da ya gani ya faɗa, kuma ya san abin da zai biyo baya in shi ne da gaskiya. Ita ma ta sani. 'Ya'ya na gidan ubansu ne. Za ta ga Inna, sannan ta zauna a Sabuwa, waɗannan ukun kuwa sai dai ta riƙa jin labarinsu a bakin 'yan kasuwa.

"Inna," in ji Almu, "in kin tahi wa zai yi mamu tuwon salla?"

Ta tsaya, ƙafarta daf da dokin ƙofa, har motar ta cika ta tashi. Sannan ta juya, ta wuce ta tsakaninsu, ta mayar da tukunya kan murhu. Wutar ta mutu, sai da ta sake hurawa.

Inna Hajaratu ta rasu ranar ashirin da shida ga wata, da hantsi, aka kai ta kafin azahar. Mani ne ya kawo labarin washegari. Bai yi wa yayarsa gori ba, ya dai ce Inna ta yafe wa kowa. Matan unguwa suka shigo gaisuwa, suka zauna a tabarma suka tashi. Ko zaman makokin ba ta samu zuwa ba, don mutuwa ba ta kwance maganar Barau ba. Bilki ta daina yi wa wanta magana. Harisu ya koma yini a gonar Malam Giɗe, ba wanda ya aike shi.

Salla kuwa ba ta jiran mai makoki, balle sallar yara. Safara'u ta wanke kayansu, ta jiƙa shinkafa, ta kwaɓa lalle. Ranar jajibiri da hantsi tana zaune bakin ɗaki, kan Bilki a cinyarta tana yi mata kitso, sai ga ƙarar babbar mota a ƙofar gida, har da oda. Almu ya zabura. Barau ya shigo da sabuwar shadda da agogo a hannu, ana biye da shi da buhun shinkafa, da katan ɗin madara, da keke ƙarami mai jan fenti. Ya yi ƙiba, fuskarsa sai sheƙi. Ya ɗaga Almu sama, ya dafa kan Harisu da ya shigo a bayansa, ya ce ga keken nan, a daina yi masa ƙorafi. Sannan ya juyo wurin matarsa yana dariya.

"A'a, uwargida, har kin dawo? Ni da na ce sai na biya Sabuwa na ɗauko ki. Ya jikin Inna?"

Hannun Safara'u ya tsaya cikin gashin Bilki. Ta ji yarinyar ta sandare. Harisu ya saki keken, keken ya faɗi a kan kwanoni.

"Malam," ta ce, "mi ka hwaɗa wa akawu a kan tahiyata? Hwaɗa mani da bakinka."

"Takardar ba ta iso ba? Cewa na yi izini naki ne. Mutum da uwarshi, wa zai hana? Ai ko ba ki tambaya ba..." Ya tsaya, ya dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. "Lahiya? Mi ya hwaru?"

Bilki ta ɗago kai ta buɗe baki wajen wanta. Uwar ta danne kan a cinyarta, da ƙarfi, har yarinyar ta yi ƙara. Ba wanda zai faɗa wa yaron nan komai a gabanta, yau ko gobe. Ta ƙarasa layin kitson da ta fara, ta ɗaure bakinsa, ta goge man da ke hannunta a zane. Ta shiga ɗaki ta fito da gyale da ƙunshin kayan da ba ta kwance ba tun rannan.

"Tuwon salla sai ka nemi mai yi maku," ta ce. "Ni na tahi Sabuwa. Jiya aka yi wa Inna addu'ar uku."